Tsohuwar bas ɗin kawu: yadda aka tada gitar Japan da hunturun Damagaram ya lanƙwasa wa wuya

Gitar bas ce mai tsarkiya huɗu, ƙirar Precision, wato siffar shahararriyar bas ɗin kamfanin Fender na Amurka, fentinta irin wanda ke farawa da rawaya a tsakiya ya bi ta ja ya ƙare da baƙi a gefe, kuma a kanta ga sunan Fender ɓaro-ɓaro. Mai ita yaro ne da ke kaɗa bas a wani orkes na biki nan cikin Damagaram. Kawunsa ne ya ba shi ita, shi kawun ya yi kiɗa zamanin samariya lokacin Kunce, da ya tuba da harkar sai ya jingine ta a ɗakin ajiya mai rufin kwano, da tsarkiyoyinta a ɗaure yadda ya bar su daren ƙarshe, ba jaka ba akwati. Ni aikina gyaran rediyo da amfili ne, gita kuwa sha'awa ce ta ja ni ciki, shi ya sa masu orkes ke kawo mini nasu in sun rasa inda za su kai.

Abin da yaron ya zo da shi a ransa biyu ne, kuma ba sa haɗuwa. Yana so ya kaɗa ta a biki, yana kuma so ya sayar, don wani ya nuna masa a talho cewa tsohuwar Fender miliyoyin sefa take yi a Turai. Ya ce mini, Baba, a yi mata sabon fenti kawai a canja duk ƙarafan da suka yi tsatsa. Na ce masa ɗana, in Fender ce ta gaske fentin nan da kake so a kankare shi ne rabin kuɗinta, in kuma ba ita ba ce to kuɗin fenti asara ne, bari mu fara sanin mece ce.

Sanin bai ɗauki lokaci ba. Ka juya bayanta, wurin da bis huɗu suka riƙe wuya da jiki akwai faranti na ƙarfe, a kansa an buga Steel Adjustable Neck, ƙasa kuma Made in Japan. Fender ta Amurka ba ta taɓa fitowa da wannan rubutu ba. Tasu ta tsakanin 1965 da 1976 babban harafin F ne a farantin tare da lamba, daga 1976 kuma lambar ta koma kan gitar, a kusa da suna. Irin wannan faranti an fi ganinsa a kayan masana'antar Matsumoku da ke garin Matsumoto, wadda asalinta katakon keken ɗinki na Singer take yi kafin ta shiga gita, ta yi wa Aria da Epiphone da wasu sunaye da yawa aiki har aka rufe ta a 1987. Na buɗe murfin gaba don ƙarin tabbaci, folim ɗin ciki, wato abubuwan da ake murɗawa a ƙara sauti ko a rage, ƙanana ne irin na Japan, ba lambar nan mai farawa da 137 da ake gani a bayan folim ɗin kamfanin CTS na Amurka, wadda ke gaya maka shekara da sati. Bis-bis ɗin duka awon milimita ne. Sunan Fender ɗin kuma da farce ma kana jin bakinsa, manna shi aka yi a kan wurin da aka goge da samfefa. Da aka tambayi kawu dariya ya yi, ya ce shi da kansa ya manna, don lokacin duk orkes ɗin da ba a ga Fender a hannunsu ba raina su ake.

Yaron ya ji ba daɗi, amma ni raina ya yi fari, domin gitocin Japan na shekarun 1970 ba abin rainawa ba ne, sun yi kwaikwayo har ya kai ga ƙara a kotun Amurka a 1977 kan siffar kan gita, kuma a 1982 ita Fender da kanta ta koma yin wasu kayanta a Japan. Ga kuma sauƙi: tunda ba kayan tarihi ba ce da masu tarawa za su tuhume ka, kana iya taɓa ta ka gyara don a kaɗa. Muka tsaya a kan haka, gyaran kiɗa, ba fenti.

Yanzu ga yadda take a ranar. Wuya ya lanƙwashe gaba har kana iya zura ɗan yatsa tsakanin tsarkiya da katako a wajen firet na 12, firet su ne ƙarafan da aka gitta a jere a kan wuya inda ake danna tsarkiya. Bakin firet-firet duk sun fito gefe suna yankar hannu. Ɗan farin robar da tsarkiyoyi ke hawa a bakin wuya ya tsage a ramin E, wato tsarkiya mafi kauri, sauran kuwa A da D da G ake kiransu, G ce mafi siranta. Jaki, wato ƙarfen da tsarkiyoyi ke hawa a gindin gitar, ya yi tsatsa, ƙananan bis ɗinsa na ɗagawa sun cije. Tsarkiyar G babu, a wurinta wani ya taɓa sa wayar kuloshin babur. In ka haɗa da amfili, E da A suna fita, D da G kamar daga maƙwabta ake kaɗawa, ga ƙugi mai ci gaba ko ka taɓa ko ba ka taɓa ba.

Wuya na fara da shi, kuma duk wanda zai taɓa tsohuwar bas a ƙasar nan ina ba shi shawara ya fara nan, don in wuya bai miƙe ba sauran aikin duk ɓata dalma ne. Tsarkiya huɗu na bas in an ɗaure su daidai suna jan wuya da nauyin kilo 70 zuwa 80, kamar ka rataya wa katakon ƙaton mutum dare da rana, shekara da shekaru. Abin da ke tare wannan ja sandar ƙarfe ce da aka binne cikin wuyan, mai noti a gindi. To ga zafin bazara ƙarƙashin kwano, ga hunturu da danshin iska ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari alhali masu ƙera gita suna cewa a ajiye ta wajen kashi 45 zuwa 55, katako ya bushe ya tsuke, damina ta zo ya kumbura, hunturu ya dawo ya sake tsukewa, duk wannan kuma tsarkiya na ja. Shi ya sa bakin firet ya fito, ƙarfe ba ya tsukewa yadda katako ke yi. Ba tsufa ne ya yi mata haka ba, ajiya ce. Da kawu ya sassauta tsarkiyoyin ya sa ta ƙarƙashin gado a ɗakin ƙasa, da rabin wannan rubutun bai taso ba.

Notin sandar ya ƙi motsi, kuma nan ne mutane ke kashe gita, su sa ƙarfi su ji ɓas, sanda ta karye a ciki, shi ke nan sai dai a ɓare katakon gaba. Na cire wuyan daga jiki, na ɗiga man keke a notin na bar shi ya sha, sannan na warware shi baya maimakon in ɗaure. Da ya fito sai ga dalilin: katakon da ke ƙarƙashinsa ya lotsa, notin ya kai ƙarshen zarensa, ko ka murɗa har gobe ba abin da zai ƙara ja. Maganin wannan arha ne ƙwarai, wasa guda biyu, wato ƴan zobban ƙarfe da ake sawa ƙarƙashin noti, da aka rage musu faɗi da magagari har suka shiga ramin, sun ba notin sabon wurin tafiya. Amma ban bar sandar ta yi aikin miƙewa ita kaɗai ba. Na kwantar da wuyan a kan katako mai kauri miƙaƙƙe, na sa ƴan guntaye a kai da gindi, na matse tsakiya da matsi irin na kafinta har ya ɗan koma baya kaɗan, sannan na ɗaure notin a haka. Aka bar shi a matse cikin shago, ba a rana ba, ranar Damagaram tana iya narkar da gam ɗin da ya riƙe katakon gaba. Daga baya da aka sa tsarkiya, kwata-kwatan juyi nake ƙarawa ina jira. Abin da ake nema shi ne in ka danne tsarkiya a firet na farko da na ƙarshe, ratar da ke tsakiya ta zama wajen milimita 0.3, kaurin katin talho ma ya fi haka. Mun samu kusa da haka, ba cif ba, akwai ɗan tudu wajen firet na 15 zuwa sama da ya ƙi kwanciya.

Firet-firet kuwa aikin haƙuri ne kawai. Na shafa musu baƙar maka ta rubutu a kai, na manna samfefa a gilashi mai kauri na bi su a hankali har baƙin ya goge ko'ina, nan ma aka rage wancan tudun, sannan aka zagaye kan kowanne da ƙaramin magagari aka kwantar da bakunan da ke yanka. Katakon gaba ya yi fari fat don ƙishi, na ba shi man farafin na farmasi ɗan kaɗan. Kada a sa man gyaɗa don Allah, na ga wanda ya sa, wari yake yi daga baya yana kama ƙura.

Abin bakin wuya da ya tsage, ba a yi odar komai ba. Ƙashin ƙafar sa aka karɓo wurin mahauta, aka dafa shi sosai aka cire maiƙo aka shanya, na yanka na goge daidai ramin. Ƙashi ya fi robar da ta zo da gitar. Wahalar tana wurin tsaga ramukan tsarkiya, don na E faɗinsa ya wuce milimita biyu da rabi, kuma dole gindin ramin ya zama zagaye ya ɗan gangara wajen kunnuwan ɗauri, in ya yi zurfi tsarkiya ta riƙa zizar firet na farko, in bai kai ba kuma yatsa ya sha wuya sauti ya hau. Jaki da bis ɗinsa aka jiƙa cikin kalanzir, buroshin haƙori ya gama sauran. Biyu daga ƙananan bis ɗin sun mutu, na samu madadinsu cikin tarkacen rediyo, kuma da yake awon milimita ne sun shiga lafiya. Wannan ma abin lura ne ga mai son yin oda: kayan Fender na Amurka awon inci ne, folim ɗinsu wuyansa ya fi ramin Japan kauri, sai ka fasa murfi kafin ya shiga, ramukan bis na jaki da na murfi ma sau da yawa ba sa haɗuwa. Yaron ya nuna mini saitin kaya masu ƙyalli a intanet, cikakke da arha, na ce masa ƙarfen da ke jikin gitarka mai tsatsa ya fi wannan, bar shi.

Cikin wuta ne na ga abin da ya ba ni haushi. Mikron Precision, wato abin da ke ƙarƙashin tsarkiyoyi yana ɗaukar sautinsu ya kai wa amfili, tun 1957 kashi biyu ne, ɗaya ƙarƙashin E da A, ɗaya ƙarƙashin D da G, an naɗe su saɓanin juna kuma maganaɗisunsu ma saɓani, don in an haɗa su a jere sautin tsarkiya ya taru, ƙugin kuran kuma ya kashe juna. Na sa mita, ɓangaren E da A ya nuna wajen kilo-om biyar, ɗayan shiru. Wani mai gyara a can baya da ya ga haka sai ya tsallake mataccen da guntuwar waya ya rufe, wato shi ya sa D da G suka yi nisa, kuma shi ya sa ƙugi, don ɓangare ɗaya ba shi da abokin da zai kashe masa. Yaron ya riga ya yanke ƙauna yana tambayar kuɗin sabon mikro. Amma wayar da ake naɗa mikro da ita siririya ce ƙwarai, wajen milimita 0.06, naɗi dubbai, kuma yawanci ba a tsakiya take tsinkewa ba, a baki take yi, inda aka haɗa ta da waya mai kauri. Da madubin ƙara girma na ga wurin, ya yi kore don gumi. Na warware zagaye ɗaya, na kankare rufin wayar a hankali, na ɗiga dalma, mita ta motsa. Biyun a haɗe suka ba da kusan goma. Soson da ke ƙarƙashin mikro yana tura shi sama ya zama gari, na yanka guntun takalmin soso na sa. Folim biyun 250K ne, wanka kawai suka so, kondansa ma na bar ta asali, jak, ramin da ake soka wayar amfili, shi kaɗai na canja don ya saki baki.

Sai wayar mas, wato wayar da ke kai kuran ƙasa, wadda ke tafiya daga folim ta ratsa jiki ta kwanta ƙarƙashin jaki. An yanke ta da gangan. Na tambayi kawu, ya ce e, ana kiɗa da gurup a ƙauye, in leɓensa ya taɓa makirfo yana riƙe da tsarkiya sai ya ji kuran ya fizge shi, sai mai gyara ya yanke wayar abin ya daina. Ya daina ɗin, amma cutar ba a gitar take ba, a amfili take da rashin mas a wurin biki. Kuma ba abin wasa ba ne, a 1972 wani makaɗin gita, Les Harvey, a kan dandamali ya mutu a Swansea ta Birtaniya don ya taɓa makirfon da ba shi da mas. Na maida wayar don in babu ita zizar ba ta tafiya, na ce wa yaron ya kawo amfilinsu, na same shi da filogi mai ƙafa biyu da kondansa mai yoyo a wajen shigar wuta, na gyara, na kuma ce su riƙa tafiya da sandar ƙarfe su kafa a ƙasa su jiƙa wurin su ɗaura wa gurup. Ko suna yi kullum, Allah masani, masu biki ba sa jira.

Duk abin da na lissafa zuwa nan Damagaram ta iya da kanta, mahauci da kafinta da tarkacen rediyo, har maratayi baduku ya ɗinka mata na jar fata mai faɗi don gitar na da nauyi. Tsarkiya ce kaɗai ba mu iya ba, kuma ita ta fi komai tsada, ita kuma aka fi yin gardama a kai. Ƙaramar gita ana iya yi mata dabara, kowa ya san Mdou Moctar, makaɗin gitar nan na Nijar, da wayar birkin keke ya fara, amma bas ba ta yarda, E ɗinta tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, sai da nauyi, shi ya sa ake naɗe wata waya a kan wata, wayar kuloshi ba za ta taɓa ba ka sauti daidai a kowane firet ba.

Kawu ya ce a sa masu santsi, irin waɗanda naɗinsu shimfiɗaɗɗe ne, su ya sani. Yaron ya ce shi masu kaushi yake so, masu zagayen naɗi, don su ke da ƙara da haske, in ya buga da babban yatsa a ji shi ta cikin ganguna. Kowa da gaskiyarsa. Bas ta fara da masu santsi ne, James Jamerson, makaɗin bas na kamfanin faifan Motown a Amurka, da tsarkiyoyin La Bella masu kauri ya yi aikinsa kuma ba ya canja su, masu kaushin sai a shekarun 1960 suka bazu, Rotosound ta Ingila ta fitar da nata saitin da ya yi suna a 1966. Ni na goyi bayan kawu amma ba don tarihi ba. Mai kaushi tana da ramuka tsakanin naɗi, ƙurar hunturu da gumin biki su cika su, cikin ɗan lokaci hasken da ka saya da tsada ya mutu, sai a koma dafa ta a tukunya, wanda ke dawo da ita na ɗan lokaci kuma yana kawo tsatsa. Tana kuma cin firet, mu kuwa yanzu muka rage wa namu tsawo. Mai santsi ka goge da ƙyalle bayan kiɗa ta yi maka shekaru. Matsalarta ɗaya, yawanci ta fi tauri ta fi jan wuya, wuyan nan kuma majinyaci ne, don haka na hana masu kauri irin na Jamerson da ke kaiwa 110 a lambar kauri da ake rubutawa a kwali, har 45 zuwa 105 da aka saba ma na ce a sauka, a nemo 45 zuwa 100 ko 40 zuwa 100.

Kafin a aika na auna, daga jaki zuwa ƙashin bakin wuya santimita 86 da ɗan ɗori, wato inci 34, dogon awo. Wannan awon ya zama dole don Japan ta yi gajerun bas da yawa masu inci 30, kuma mai santsi in ɓangarenta mai kauri ya hau kan kunnen ɗauri tana iya fashewa, zaren alharinin bakinta ne ya kamata ya naɗu. Saitin farko da aka kawo daga Kano na maida, kwalin ya yi kyau amma naɗin yana motsi ƙarƙashin yatsa, jabu ne. Na biyun ɗan'uwan yaron da ke Faransa ya aiko ta hannun mai zuwa Yamai, daga can motar fasinja ta kawo. Kuɗinsa ya fi na duk sauran gyaran a haɗe.

Da aka ɗaura na daidaita tsawo a firet na 17, wajen milimita biyu da rabi a E, biyu a G, na matsa dokin kowace tsarkiya a jaki gaba ko baya har sautin firet na 12 ya yi daidai da na tsarkiya a sake. Ranar gwaji kawu ya zo shago, ya karɓa ya ce bari ya ji nauyinta kawai, ya kaɗa abin da bai fi minti ɗaya ba ya miƙa wa yaron ya ce wuyan ya fi da laushi. Yaron dai har yanzu yana cewa sautin ya yi duhu, amma mai gangarsu ya ce yanzu ne yake jin bas a ƙirjinsa, kuma maganar sayarwa ba ta sake tasowa ba. Sunan Fender yana nan a kai, sun ƙi a cire, na dai gaya musu duk ranar da za a sayar a faɗa wa mai saye gaskiya, farantin baya ma zai faɗa.

Abin da bai gyaru ba biyu ne. Sandar wuya saura kaɗan ta ƙare, don haka sai an duba ta in damina ta sauka a kuma duba in hunturu ya shigo, kuma ba za ta ɗauki tsarkiya mai kauri ba har abada. Sai kunnen ɗaurin E, haƙoran gyarsa sun cinye, yana riƙewa amma in ka zo sassautawa yakan zame. Sababbin da ake samu ramin bis ɗinsu bai dace ba kuma ba na so in huda kan gitar, don haka muna cigiyar wata matacciyar bas ɗin Japan ta wancan zamani da za a cire mata kunne ɗaya. Tsofaffin kayan da aka cire, jak da tsagaggiyar robar da matattun bis biyu, suna cikin gwangwanin madara a aljihun jakar da aka ɗinka mata.